Sabon zuwa Amurka: in karɓi katin bashi ko in bari?

Ɗan'uwa, ka ce watanka uku a Amurka, mai gidan haya ya hana ka ɗaki don ba ka da makin bashi, kai kuma kana gudun katin saboda riba. Ni ma haka aka yi mini.

Makin FICO suke dubawa, wato makin da ke nuna yadda kake biyan bashi, daga 300 zuwa 850, daga bayanan bashi da kamfanonin Equifax, Experian da TransUnion ke tarawa. Naka bai ma fito ba tukuna, sai asusun bashinka ya yi wata shida a buɗe. Biya kan lokaci shi ne kashi 35 cikin ɗari na makin, yawan bashin da ke kanka kashi 30.

Da katin jingina na fara. Na ajiye wa banki dala 300, iyakar abin da zan kashe ke nan. Kuɗin wayata kaɗai na ɗora masa, na sa banki ya riƙa biya da kansa kowane wata. In ka biya duka kafin ranar da aka tsayar, ko sisi ba za a ƙara maka ba. Sai dai malamai sun saɓa kan sa hannu a yarjejeniyar da ke da sharaɗin ruwa, don haka tambayi wanda ka yarda da shi.

Ka guji biyan ɗan mafi ƙarancin nan da suke rubutawa, a nan ruwa ke taruwa. Kada ka ciri tsabar kuɗi da katin, ruwan daga ranar yake fara hawa. Jinkirin kwana 30 kuwa yakan zauna a tarihinka shekara 7.