Malaminmu na bayoloji ya ce juyin halitta kafirci ne, ya ƙi koyar da shi, ya zan yi?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne a wata kwalejin ilimi, bayoloji da kemistiri nake karantawa, ina shekara ta biyu. Wannan samistan akwai kwas ɗin da ya haɗa jenetiks, wato ilimin ƙwayoyin gado, da ibolushan, wato juyin halitta, malamin da ke ɗaukarmu kuma wallahi mutumin kirki ne, ba ya fashin aji ba ya karɓar sisin kowa, amma da muka zo kan ibolushan sai ya rufe littafi ya ce shi ba zai ɓata bakinsa ba, ƙaryar Darwin ce, duk wanda ya yarda da ita ya je ya sake kalmar shahada. Wata ɗaliba ta ce malam ai yana cikin silabas kuma in mun fita mu za mu koyar da shi a sakandare, ya ce in tana so kakanta ya zama biri ga hanya nan, aji duk aka sa dariya. Yanzu na rikice Malam. Karanta abin haramun ne? In ya fito a jarrabawa me zan rubuta? In muka kai maganar gun HOD, wato shugaban sashe, mun ci amanar malami? Wasu ma sun ce a yi rikodin ɗinsa a saka a guruf ɗin aji.

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhamdu lillah, tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, hukuncin a taƙaice shi ne karanta wannan darasi halal ne, a wajenka ma ya zama dole tunda shi za a ba ka ka koyar gobe. Malaminku ya yi kuskure biyu, barin abin da aka ɗauke shi aiki dominsa, da kuma jifan mutane da kafirci ba bisa ƙa'ida ba, kuma na biyun ya fi girma. Amma kuskurensa bai halatta muku ku tozarta shi ba. Rikodi a saka a guruf kam kar ku kuskura.

Matsalar ita ce ana tattara abubuwa da yawa a cusa su cikin buhu ɗaya a rubuta Darwin a jiki, sai a ce ko ka ɗauka duka ko ka zubar duka. Fiƙihu ba ya aiki haka, sai an warware an ba kowanne hukuncinsa.

Akwai sauyin da halittu ke yi daga zuri'a zuwa zuri'a, wanda ake gani da ido. Wannan musa shi ba tsoron Allah ba ne, rashin sani ne kawai. Tambayi iyayenka, da can in zazzaɓi ya kama mutum kulorokwin ake ba shi ya sha ya yi ƙaiƙayinsa ya warke, me ya sa yanzu aka daina? Saboda a cikin ƙwayoyin cutar maleriya an samu 'yan kaɗan da maganin ba ya kashe su, sauran suka mutu su suka rayu suka hayayyafa har suka cika gari, abin ya fara a ƙarshen shekarun 1950 a kudu maso gabashin Asiya da Kudancin Amurka, ya iso gabashin Afirka wajen 1978, mu nan Najeriya a 2005 gwamnati ta sauya tsarin magani zuwa haɗin magungunan maleriya da ake kira ACT. Haka tarin TB mai bijire wa magani, haka sauro da ya daina jin maganin feshi, haka korona da muka ga ta riƙa sauya kama daga Delta zuwa Omicron. Ga kuma sikila, wadda kusan babu dangin da ba ta taɓa ba. Me ya sa jinin AS ya yi yawa a ƙasashenmu ya yi ƙaranci a inda babu maleriya? Domin mai AS yana samun kariya daga maleriya mai tsanani, yaran da ke ɗauke da shi sun fi tsira su girma su haihu, tun 1954 wani mai bincike Anthony Allison ya nuna wannan a gabashin Afirka. To wannan shi ne zaɓin yanayi da masanin halittu Charles Darwin ya yi bayani a littafinsa na 1859, ba wani abu daban ba. Malamin bayolojin da ya tsallake wannan zai yaye ɗaliban da ba su san dalilin da ya sa ake ce wa mara lafiya ya shanye maganinsa kar ya bari a rabi ba.

Sai mataki na gaba, cewa jinsunan dabbobi da tsirrai sun fito daga asali ɗaya a tsawon miliyoyin shekaru. A nan na duba ban ga nassi yankakke da ya ce Allah ya halicci raƙumi ko kada ko giginya kai tsaye a siffar da suke yau ba. Abin da Alƙur'ani ya ce, Allah ya halicci kowace dabba daga ruwa, aya ta 45 a Suratun Nur, kuma ya sanya duk abu mai rai daga ruwa, aya ta 30 a Suratul Anbiya. Ya faɗa mana wanda ya yi, bai yi mana tafsilin yadda aka yi ba, a Suratul Ankabut aya ta 20 ma cewa ya yi ku yi tafiya a ban ƙasa ku duba yadda ya fara halitta. Inda nassi ya yi shiru ba ni da ikon in ce addini ya tabbatar, ba ni da ikon in ce addini ya kore, sai a bar wa masu fannin su kawo hujjarsu ta ƙasusuwan da aka tono da ta ƙwayoyin gado, kuma gaskiya hujjar tasu ba ƙarama ba ce. Ba kuma ni na fara faɗin haka ba, Shaikh Husain al-Jisr na Tarabulus ta Labanan ya rubuta tun 1888 cewa in hujja tabbatacciya ta tsaya a kan wannan to ba ya rushe imani, tunda Allah ne mai halitta ko a take ya yi ko a hankali. Kai kanka ai Allah ne ya halicce ka, amma wata tara ka yi a ciki kana sauyawa mataki mataki, sanin matakan bai fitar da ungozoma daga Musulunci ba.

Inda ake tsayawa da ƙafa biyu shi ne Annabi Adamu alaihis salam. Abin da ayoyi da hadisai suka nuna, kuma jamhurin malamai suka tafi a kai, shi ne Allah ya halicce shi daga turɓaya ba uwa ba uba, kuma mu duka zuri'arsa ne. Ba zan ɓoye maka ba, masana bayoloji suna saka ɗan Adam cikin lissafinsu, suna cewa shi da manyan birai kakansu ɗaya a can baya, ba wai birin da kake gani a gidan zu ne ya rikiɗe ya zama mutum ba kamar yadda ake ta yaɗawa, kuma kamancin ƙwayoyin gadon da suke nunawa abu ne da aka auna. Kar ka ƙaryata awo. Amma duba aya ta 59 a Suratu Ali Imran, Allah ya ce misalin Isa a wurinsa kamar misalin Adamu ne. Duk Musulmi ya yarda an haifi Annabi Isa ba uba, kuma ba ka taɓa jin likita Musulmi ya ce saboda haka a daina koyar da yadda ciki ke shiga ba. Ilimin ya bayyana sunnar da Allah ya saba gudanarwa, mu'ujiza kuma keta sunnar ce daga wanda ya kafa ta, ba abin da ake sakawa a madubin lab ba ne. A haka nake riƙe da lamarin Adamu, a haka kuma nake ba ka fatawa ka riƙe.

Kafirci yana nan ne a wurin wanda ya ce tunda mun gane yadda abin ke tafiya to babu Mahalicci. Wannan kuma falsafar mai faɗi ce, ba sakamakon gwaji ba, akwai masana da yawa Musulmi da Kirista da ke aiki da ilimin suna bautar Ubangijinsu.

Yanzu malaminku. Ina kyautata masa zato, kishin addini ne ya ja shi, amma kishi ba ya maye gurbin ilimi. Imam al-Gazali wanda ya rasu a 505 bayan hijira ya yi magana a kan masu musa lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini, ya ce cutar da mai kare shari'a ta hanyar da ba tata ba yake yi mata ta fi ta mai sukar ta, saboda wanda ya san lissafin daidai ne in ka ce masa addini ya ƙaryata shi, ba lissafin zai yi wa shakka ba, addinin zai yi wa. Wannan yarinyar da aka yi wa dariya a aji, ranar da ta karanta hujjojin da kanta ta ga ba kamar yadda aka faɗa mata ba ne, me kake zaton zai shiga zuciyarta? Mu a arewa ma mun ga inda irin wannan tunani ya kai in ya yi nisa, Muhammad Yusuf, jagoran Boko Haram na lokacin, a hirarsa da BBC a 2009 ya haɗa Darwin da batun cewa duniya dunƙulalliya ce kamar ƙwallo da yadda ruwan sama ke samuwa duk ya ce sun saɓa wa addini. Ba ina haɗa malaminku da shi ba ne, Allah ya kiyaye, ina nuna maka ne ƙofar ba ta wasa ba ce.

Ta fuskar fiƙihu shi ma'aikaci ne da aka yi yarjejeniya da shi a kan aiki sananne, silabas yana cikin sharaɗin, albashinsa a kan haka yake, Allah kuma ya ce ku cika alƙawura, farkon Suratul Ma'ida. Yana da damar ya koyar da darasin yadda masu shi suka faɗe shi sannan ya ce ga inda ni aƙidata ta tsaya. In zuciyarsa ba za ta iya ba sai ya gaya wa sashe a ba wani wannan ɓangaren. Amma ya karɓi kwas ya tsallake babi ya bar ku ku fita da rami a karatunku, wannan tauye amana ne. Maganar a sake shahada kuwa, hadisi ne a Bukhari da Muslim, wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri to kalmar ta koma kan ɗayansu. Ya janye ta ya nemi gafarar Allah, ya kuma ba wa yarinyar haƙuri.

Kai kuma abin da za ka yi, ka same shi a ofis, kai da kilas ref ko wani mai natsuwa, ba a gaban aji ba. Ka gaishe shi gaisuwar ɗalibi ga malami, kuma kar ka je da niyyar muhawara kan Darwin don ba za ka ci ba, ko ka ci ma ka yi asara. Ka ce malam mu fa mun yarda Allah ne ya halicci Adamu, damuwarmu ita ce abin yana fitowa a WAEC da NECO kuma mu za a tura aji, a taimaka a yi mana bayanin yadda yake a littafi. Yawancin mutane in ka cire musu tsoron cewa ana so a raba su da aƙidarsu sai ka ga sun sauko. In ya ƙi, to ku kai wa shugaban sashe cikin ladabi, buƙatarku ɗaya ce a koyar da babin, ba a kore shi ko a rage masa girma ba. Wannan ba giba ba ce, Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton mutum a bayan idonsa ya halatta, daga ciki akwai kai kuka ga mai ikon gyarawa. Sharaɗin dai ka faɗi iya abin da ya faru kar ka ƙara gishiri, ka kuma ambaci kirkinsa da ka ambata mini.

Rikodi da guruf na hana ku, haramun ne a wannan hali. Tona asiri ne ba tare da larura ba, sannan maganar addini in ta shiga WhatsApp ba mai iya riƙe linzaminta, wani zai yanko rabin magana ya ce ɗalibai na kare kafirci, wani ya ce malami ɗan ta'adda ne. Ba mu manta abin da ya faru a kwalejin ilimi ta Sakkwato a watan Mayun 2022 ba, daga saƙon murya a guruf ɗin aji aka kai ga rasa rai. Ita wannan ɗalibar da ta yi tambaya ita za ta fi kowa shiga haɗari.

Jarrabawa kuma ba abin tashin hankali ba ne. Ka rubuta cewa a bisa ƙa'idar Darwin abu kaza ne, masana sun kafa hujja da kaza da kaza. Malamai sun ce hakaito kafirci ba kafirci ba ne, Alƙur'ani da kansa ya hakaito maganar Fir'auna, balle wannan da mafi yawansa ba kafirci ba ne tun asali. In kuma shi ne ya kawo tambayar ta hanyar da yake so ka rushe abin, to ka jingina masa, ka ce masu suka sun kawo hujja kaza, ka ga ba ka yi ƙarya ba ba ka kuma jawo wa kanka keri oba ba. In ka tabbata an danne maka maki saboda wannan, makaranta na da hanyar neman a sake duba takarda, bi ta nan.

Kafin nan kar ka zauna jiran sa, ɗauki littafin kwas ɗin a laburare ka karanta babin da kanka, ku haɗu ku uku ko huɗu ku yi ta bita, abin da ya shige muku duhu ku tambayi wani malamin a sashen, wanda ya taɓa aƙida kuma ku kawo wa malaman addini da suka san abin da ake magana a kai. Ka ci gaba da shiga ajinsa kana gaishe shi kana amfana da sauran abin da ya iya.

Wallahu a'alam.