Hotunan shafina na jan ƙafa, CDN zai magance?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shafin labarai, sabarsa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shi, tana Jamus, masu karatuna kuwa galibi 'yan Kano da Maraɗi ne. Hotuna sai an jira su kafin su buɗe. An ce in sa CDN. Yaya ake yi? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. An ba ka shawara mai kyau. CDN tarin sabobi ne a birane daban-daban masu ajiye kwafin hotuna da fayilolin shafinka, sai mai karatu ya karɓa daga wadda ta fi kusa da shi. Cloudflare, ɗaya daga cikin kamfanonin da ke ba da wannan hidima, tana da cibiya a Legas, kuma tana da tsarin kyauta da zai ishe ka farawa.

Buɗe asusu, ka sa sunan shafinka. Za su ba ka adireshin DNS guda biyu (DNS shi ne tsarin da ke haɗa sunan shafi da sabarsa), ka maye gurbin tsofaffin da su a wurin da ka sayi sunan. Canjin kan ɗauki har awa 24 kafin ya kankama ko'ina.

A nan nake so ka nutsu. Kafin ka canza komai, duba jerin bayanan DNS na shafinka da suka kwafo, musamman na imel. In ɗaya ya ɓace, saƙonni za su daina shigowa ba ka sani ba. Kada kuma ka bari a riƙa ajiye kwafin shafin da kake shiga da kalmar sirri.

In ka sauya hoto tsohon ya ci gaba da fitowa, goge ajiyar daga asusunka. Kuma don Allah ka rage nauyin hotunan tun kafin ɗorawa, domin datar mai karatu ce ke ƙonewa.