Tambaya da Amsa: Zan Iya Dawowa Kano da Motar Lantarki Daga Dubai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan Fagge ne, shekarata ta shida ke nan ina aiki a Dubai, kuma ina sa ran tattarowa gida nan da shekara biyu idan Allah ya kai mu. Motar da nake hawa ta gaji, abokan aikina kuma sun matsa mini in sayi mai amfani da lantarki, tun da wuraren caji sun wadata a nan. Haya nake yi a bene, ba ni da garejin kaina. Idan na saya na hau a nan, zan iya sako ta a jirgin ruwa in ci gaba da hawa a Kano, ko kuwa asarar kuɗi zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya dawo mana da kai lafiya. Abokan aikinka ba su yi ƙarya ba game da Dubai, domin tun shekarar 2015 hukumar wuta da ruwa ta birnin, wato DEWA, ta fara kafa wuraren caji na jama'a. Sai dai tun da a bene kake, ka fara samun masu kula da ginin ka ji ko akwai caja a wurin ajiye motocinku, ko kuma za su yarda a kafa maka a gurbinka. Idan babu, zaman jiran caji a waje zai zame maka aikin mako-mako.

Nauyin tambayarka yana Kano, kuma a nan abin da zai yanke hukunci shi ne irin wutar da ke shiga gidan da za ka sauka. Matsakaiciyar motar lantarki tana cin yunit 15 zuwa 20 a kowane kilomita 100, wato irin yunit ɗin nan da kake saya a mita, kuma idan aka haɗa da abin da ke salwanta wajen caji da abin da na'urar sanyaya mota ke sha, gara ka riƙe 20 a lissafinka. Batirin yawancinsu yana ɗaukar yunit 50 zuwa 70. Idan a soket ɗin bango mai ƙafa uku za ka jona, abin da ke shiga bai wuce yunit biyu da ɗan ɗoriya a awa ɗaya ba, saboda haka batir mai yunit 60 da ya ƙare ƙaf zai haura awa 24 kafin ya cika. Cajar da ake kafawa a bango, mai kilowat 7, takan gama wannan aiki cikin awa takwas zuwa tara. Kada wannan ya tsorata ka, domin ba kullum ake cika batir daga ƙasa ba. Mutumin da zai kai yara makaranta, ya wuce Kantin Kwari, ya biya ta wajen 'yan'uwa da yamma ya koma gida, da wuya ya ci kilomita 40, wato yunit takwas, wanda ko soket zai mayar masa cikin awa huɗu.

To, ina za a samu awa huɗun, kuma a nawa? A watan Afrilun 2024 hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a Nijeriya, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka sassauta ya dawo wajen naira 210. A wannan farashi, tafiyar kilomita 100 za ta tsaya maka a kusan naira 4,200, alhali motar fetur mai shan lita takwas a wannan nisa ta haura naira 8,000 a ƙarshen shekarar, lokacin da lita ta wuce naira 1,000. Farashin duka biyun yana motsi, saboda haka ka sake buga lissafin da kuɗin ranar da za ka saya. Idan gidanka yana kan layin da KEDCO, kamfanin rarraba wuta na Kano, ta sa a Band A, kuma maƙwabta suka tabbatar maka wutar tana zama, ribar a fili take. Na ce maƙwabta da gangan, domin su ne suka san ƙarfe nawa ake ɗaukewa da kuma ko tana zuwa da ƙarfinta.

Inda mutane ke ruɗin kansu shi ne janareta. Ƙaramin janareta na fetur yana ba da kamar yunit biyu ne a kowace lita, wanda ke nufin yunit 20 ɗin nan za su ci maka lita goma, fiye da abin da motar fetur za ta sha a tafiya iri ɗaya. An gudu ba a tsira ba ke nan, ga ƙara ga hayaƙi. Sola ce mafita ta gaskiya a garinmu, domin rana ba ta yi mana rowa ba: faranti goma masu wat 550 za su iya tara yunit 20 ko fiye a wuni mai haske, ko da yake hazon hunturu da ƙurar da ke kwanciya a kansu suna rage wannan sosai idan ba a gogewa. Matsalarta ɗaya ce, wato rana tana aiki ne a lokacin da motar take kasuwa ko ofis. Ko dai motar ta riƙa wuni a gida wasu ranaku, ko ka kafa solar a wurin aikinka, ko kuma ka sayi batiran ajiya da babbar inbata, waɗanda kuɗinsu dole ya shiga cikin kuɗin motar tun daga farko.

Bara na ziyarci wani aminina a Hotoro wanda ya shigo da irin wannan mota, na tarar ya ja doguwar waya ta ƙari daga falo, ta bi ta taga zuwa tsakar gida. Da ya zare filogin ya nuna mini, robar da ke kewaye da ƙafa ɗaya ta narke ta yi baƙi, soket ɗin kuma yana warin ƙuna. Dutsen guga minti kaɗan yake jan wuta ya huta, ita kuwa mota tana ja ne awa bayan awa ba tsayawa, kuma wayarin yawancin gidajenmu ba a yi shi don haka ba. Ka sa ƙwararren mai wayarin ya ja mata layinta daban tun daga allon rabon wuta, da waya mai kauri da makatsinta, ya haɗa da na'urar kariya daga hawa da saukar wuta, sannan ya binne sandar kariya a ƙasa yadda ya kamata, domin caja da yawa ba sa ma fara aiki idan babu ita.

Game da zaɓen motar, zamanka a Dubai ya taimake ka ta fuska biyu: sitiyarinsu a hagu yake kamar namu, kuma motocin da wakilan kamfanoni ke sayarwa a can an tanade su don zafin yankin. Zafi shi ne babban abokin gabar batir, kuma ka san yadda Kano take a Afrilu da Mayu, lokacin da awo ke haura digiri 40. Ka nemi wadda ake sanyaya batirinta da ruwa. Tsofaffin Nissan Leaf ba su da wannan tsari, shi ya sa batirinsu ya yi saurin raguwa a wurare masu zafi irin jihar Arizona ta Amurka. Batir nau'in LFP, wanda BYD, mai ƙera motoci ta ƙasar Sin, ta fi amfani da shi, ya fi jure zafi da yawan cikawa, sauran nau'o'in kuwa an fi so a riƙa tsayar da cajinsu a kashi 80 cikin 100 a hawan yau da kullum.

Ka duba bakin cajin da idonka. Turai da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun fi amfani da Type 2 da CCS2, Sin tana da nata mai suna GB/T. A kasuwar motoci ta Al Aweer da ke Dubai za ka ga sababbin motoci masu sauƙin kuɗi waɗanda aka ƙera don kasuwar Sin aka shigo da su ba ta hannun wakili ba, bakinsu GB/T, wani lokaci rubutun allonsu ma da Sinanci, kuma babu garantin kamfani. Araha ba ta ado. Idan ta hannu za ka saya, a auna maka lafiyar batirin da kwamfuta a gabanka, ka kuma binciki tarihinta, domin ambaliyar Afrilun 2024 ta nutsar da motoci masu yawa a Dubai.

Garantin batir yawanci shekara takwas ne ko kilomita 160,000, amma galibi yana aiki ne a yankin da aka sayar da motar, saboda haka ka nemi wakilin ya rubuta maka matsayinsa idan ta bar ƙasar. Nan ne na fi jin tsoro a madadinka. Taya da burki da ƙafafu duk kanikawanmu za su iya, kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa kuma ba ta rasa dabara, amma wayoyin batirin motar masu launin ruwan lemo suna ɗauke da wutar da ta kai bolt 400, ba wurin gwaji ba ne. BYD ta samu wakili a Legas a 2025, wanda ya sa neman kayanta ya fi na motar da ba ta da kowa a ƙasar sauƙi. Doguwar tafiya kuma, irin Kano zuwa Abuja da ta haura kilomita 400, kada ka ɗora ta a kan wannan mota sai ka tabbatar da wurin da za ka yi caji a hanya kafin ka tashi.

Shawarata ita ce, idan ginin da kake ciki yana da caja, ka saya ka hau. Shekara guda kafin dawowarka ka zo hutu ka ga wutar gidanka da kanka, ka nemi farashin sola, ka kuma sa amintaccen wakilin fito ya lissafa maka kuɗin jirgi da na kwastan a rubuce, har da matsayin sassaucin harajin VAT da gwamnatin tarayya ta sanar wa motocin lantarki a Oktoban 2024. Idan lissafin ya fita, kuma akwai wata motar fetur a gidan don tafiye-tafiye, ka taho da ita. Idan bai fita ba, ka sayar a can inda take da masu saye da yawa.

TAMBAYA: Malam, ina aikin jinya a Ingila, ina da motar lantarki da nake so in aiko wa ƙanena a Gwale. Me ya kamata in sani?

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da zumunci, amma kada ki aiko ta. Motocin Ingila sitiyarinsu a dama yake, Nijeriya kuwa ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, kuma dokar hanya ba ta yarda a yi wa mota mai sitiyari a dama rajista ba. Juya sitiyari ko a motar fetur aiki ne mai haɗari, balle wadda komai nata a haɗe yake da kwamfuta. Ki sayar da ita a can ki turo masa kuɗin, shi kuma ya karanta amsar da ke sama kafin ya yanke irin wadda zai saya.