Tambaya da Amsa: Gina wxWidgets daga tushe, da wuraren da ake yawan tuntuɓe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne a Zariya, ina ajin ƙarshe. Aikina na kammala karatu manhajar lissafin kantin magani ce, da C++ nake rubuta ta, kuma malamina ya ce lallai ta yi aiki a Windows da Linux, shi ya sa ya nuna mini wxWidgets. Ina kan Ubuntu 22.04, laptop ɗina RAM ɗinta giga 4 ne. Yau kwana uku ina fama. Da farko configure ya ce bai ga GTK ba. Da na samu na wuce nan, sai make ya mutu a tsakiya ya rubuto "Killed". Jiya da daddare ya ƙarasa, na girka, amma da na kunna manhajata sai ta ce "error while loading shared libraries". Don Allah a taimaka, lokaci ya ƙure mini.

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da fama, Malam. Kwantar da hankalinka, ramuka ukun nan da ka faɗa kusan duk wanda ya bi hanyar nan sai ya faɗa su, kuma a jere kamar yadda ka lissafo. Na ƙarshen ma umarni ɗaya ne ke tsakaninka da fita daga cikinsa.

Bari in fara yi wa sauran masu karatu bayani, kada mu bar su a baya. wxWidgets laburare ce, wato tarin ayyuka da aka riga aka rubuta wa masu shirya manhaja: taga, maɓalli, akwatin rubutu, jerin zaɓi da sauransu. Julian Smart ne ya fara ta a 1992 a Jami'ar Edinburgh da ke Sikotilan. Sunanta na farko wxWindows, sai a 2004 aka sauya mata suna bayan kamfanin Microsoft ya nuna damuwa kan kalmar Windows. Abin da ya bambanta ta shi ne ba ta zana maɓallanta da kanta, aron na gidan da ta sauka take yi. A Windows ta ɗauki na Windows, a Mac ta ɗauki na Cocoa, wato kayan zana tagogi na Mac, a Linux ta jingina da GTK, laburaren da ke zana tagogi da maɓallai a can. Da ita aka gina manhajoji irin su Audacity da FileZilla da KiCad da Code::Blocks, wadda ake rubuta C++ a cikinta, don haka malaminka bai yi maka mummunan zaɓi ba.

Amma da a gabana kake, tambayar da zan fara yi maka ita ce: wa ya ce sai ka gina ta da kanka? Akwai riga ɗinkakkiya a kasuwa, kai kuma ka je ka yanko yadi. Ubuntu na da wxWidgets da aka riga aka gina. A 22.04 sunan kunshin libwxgtk3.0-gtk3-dev, a 24.04 da Debian 12 kuma libwxgtk3.2-dev. Layi ɗaya na apt, wato umarnin girka kunshi a Ubuntu, ka sha shayi, an gama. Dalilan da ke sa in yarda mutum ya gina daga tushe, wato daga asalin rubutun laburaren, ba su da yawa. Ko dai yana bukatar sabon zubi da tsarinsa bai da shi, ko yana son ya cusa laburaren cikin manhajarsa, ko kuma yana son ya bi ta ciki yana farautar kuskure. Kai dai kana da uzuri. Na 22.04 zubi na 3.0 ne, jerin da ya fara fitowa tun 2013, alhali 3.2 ya fito a Yulin 2022 da gyare-gyare masu yawa, musamman wajen fitar da hotuna tsaf a kan allo mai kaifi. Tun da a Windows ma 3.2 za ka yi amfani da shi, gara su zo ɗaya. Ka tsaya kan 3.2 ɗin. A al'adar wxWidgets, idan lamba ta biyu mara ce, kamar 3.1 ko 3.3, to zubin gwaji ne da ake ta sauya masa fasali.

To mu koma farko, mu bi a hankali.

Ramin farko, GTK. Ubuntu ɗinka na da GTK, da ita ma yake nuna maka tagoginsa. Abin da babu shi ne fayilolin da kompaila, wato mai juya rubutun C++ ya zama manhaja, ke karantawa don ya san yadda zai yi magana da ita, waɗanda sunan kunshinsu ke ƙarewa da dev. Shi ya sa configure ya ce bai gan ta ba. Maganinsa:

`sudo apt install build-essential libgtk-3-dev`

Wajen saukewa akwai wani tarko da ba ka ambata ba, amma ya taɓa cinye mini yini guda. A shafin wxWidgets na GitHub, ƙarƙashin kowane zubi, za ka ga fayil mai ƙarewa da tar.bz2 mai ɗauke da sunan wxWidgets da lambar zubin, sannan can ƙasa ka ga wani an rubuta "Source code". Kada ka taɓa na ƙasan. GitHub ne ke haɗa shi da kansa, kuma ba ya saka ƙananan laburarorin da wxWidgets ke tafe da su, irin su zlib da png da jpeg da expat. Foldojinsu na nan, amma wayam. Ka ɗauki na saman, bai kai mega 40 ba, ba zai cinye maka data ba. In kuwa da git za ka jawo, ka haɗa da `--recurse-submodules`.

Bayan ka warware fayil ɗin da `tar xjf`, ka shiga foldar, kada ka yi gini a tsakar gidan. Ka buɗe ɗaki daban:

`mkdir gini-gtk`
`cd gini-gtk`
`../configure --with-gtk=3`

Amfanin haka, idan abu ya caɓe sai ka share ɗakin nan kawai ka buɗe wani, tushen na nan bai ƙazantu ba. Shi configure awo yake yi, kamar tela da tef ɗinsa: wane kompaila ke nan, wane GTK, akwai kaza, babu kaza. Idan ya gama yakan rubuto taƙaitaccen bayani a ƙarshe. Ka karanta shi. Yawancinmu ba ma karantawa, sai mun ɓata awa guda muna gini sannan mu gano an bar wani sashe a baya saboda babu kayansa.

Rami na biyu, "Killed". Ina kyautata zaton ka kwafo `make -j8` daga wani wuri, ko ma `make -j` babu lamba. Lambar nan ita ce yawan fayilolin da za a harhaɗa a lokaci guda, kuma kowane ɗaya yana buɗe nasa kompailan da ke cin nasa rabon RAM. C++ kuwa akwai ci. Idan RAM ta cika maƙil, Linux ba ya tsayawa shawara, sai ya zaɓi mai cin da yawa ya kashe shi, shi ne ka ga sunan cc1plus, wato kompailan C++, kusa da kalmar "Killed". A giga 4, ka rufe burauza, ka rubuta `make -j2`. Zai daɗe, amma zai kai.

Ga wani abin da zai yi maka daɗi, tun da dai mun san halin wutarmu: make ba ya komawa farko. Idan batir ya kusa ƙarewa ka danna Ctrl da C, in an kawo wuta ka sake rubuta make, zai ɗora daga inda ya tsaya. Matsala ɗaya ita ce idan kwamfutar ta mutu ɗif tana tsakiyar rubuta wani fayil mai ƙarewa da .o. Zai iya zama guntu, make kuma ya ɗauka kammalalle ne, sai can wajen haɗawa a yi ta kawo maka ƙorafi marar kan gado. Ka share fayil ɗin da aka ambata a ƙorafin. In ka rasa gane shi, `make clean` ka sake lale.

Yanzu ga inda kake tsaye. Da ka rubuta `sudo make install`, an kwashe laburaren an kai /usr/local/lib. Shi kuma Linux yana da rajistar da yake dubawa idan manhaja ta nemi laburare, ba ya bin folda-folda yana lalube. Kayanka sun iso, ba a shigar da su rajista ba. Rubuta:

`sudo ldconfig`

Shi ke nan. Sake kunna manhajarka. Don ka tabbatar, `wx-config --version` zai faɗa maka zubin da ke aiki. Kafin ka zargi lambobinka kuma, wato rubutun manhajar da ka yi, ka shiga samples/minimal cikin ɗakin gininka, ka yi make, ka kunna `./minimal`. Idan 'yar taga ta buɗe da jerin zaɓinta a sama, laburaren lafiya lau take, saura naka. Naka kuma haka ake harhaɗa shi, sunan fayil ɗinka a gaba:

`g++ kanti.cpp $(wx-config --cxxflags --libs) -o kanti`

Gargaɗi ɗaya. In a cikin kwana ukun nan ka taɓa girka na apt, yanzu kana da wx-config biyu, ɗaya a /usr/bin ɗaya a /usr/local/bin. `wx-config --list` zai nuna maka abin da yake gani, `which wx-config` kuma ya nuna wanda ake kira. Raba ɗaya biyu ba ta yi a nan, ka cire na apt ɗin ka huta. Kuma kada ka share foldar gini-gtk, don ranar da za ka so cire wanda ka gina, daga cikinta za ka rubuta `sudo make uninstall`. Allah ya ba da sa'ar kare aikin.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a Maraɗi. A Windows nake, da Code::Blocks. Na sauke wxWidgets wadda aka riga aka gina, amma kullum sai "undefined reference" ɗari-ɗari, wani lokaci kuma "wx/setup.h: No such file or directory". Ina kuskuren yake?

Amsa: Barka kadai, Malama. Na farkon sau da yawa alama ce ta cewa kompailan da ya gina laburaren daban, naki daban. A C++ wannan ba ƙaramin abu ba ne. Abin da Visual Studio na Microsoft ya gina, MinGW, wato kompailan da Code::Blocks ya saba kira a Windows, ba zai iya haɗawa da shi ba sam. Ko tsakanin MinGW da MinGW, in zubinsu ya yi nisa da juna, ko ɗaya na bit 32 ɗaya na 64, rigima ce. Nan ne wurin da ni da kaina nake cewa a gina daga tushe, da ainihin kompailan da Code::Blocks ɗinki ke kira.

Ki warware tushen a wuri mai gajeren suna marar tazara, kamar C:\wx. Ki tabbatar foldar bin ta MinGW ɗinki na cikin PATH, wato jerin foldojin da Windows ke dubawa idan an ba shi umarni. Ki buɗe cmd, ki shiga C:\wx\build\msw, sannan:

`mingw32-make -f makefile.gcc BUILD=release SHARED=1 setup_h`
`mingw32-make -j2 -f makefile.gcc BUILD=release SHARED=1`

Layin farko yana ajiye setup.h a mazauninsa kafin a fara gudu bibbiyu, don in ba haka ba wani fayil kan riga shi isowa ya neme shi ya rasa. Idan kina da Git ko MSYS a kwamfutar kuma ginin ya tsaya da ƙorafin da ba ki gane ba tun a farko, ki ƙara `SHELL=cmd.exe` a layukan biyu, don mingw32-make na ganin sh.exe sai ya koma gare shi, umarnin da ke ciki kuwa na cmd ne.

Shi setup.h da ake ce miki babu, ba a foldar include yake zama ba, shi ya sa kowa ke ruɗewa. Kowane gini da nasa. Naki zai kasance a C:\wx\lib\gcc_dll\mswu\wx. Don haka folda biyu za ki nuna wa kompaila a saitin aikinki: C:\wx\include da C:\wx\lib\gcc_dll\mswu. Wajen haɗawa kuma C:\wx\lib\gcc_dll.

Tun da ɗalibai za ki raba wa, ki sani manhajar da aka gina da SHARED=1 ba ta tafiya ita kaɗai a filashi. Sai da fayilolin DLL na wxWidgets a gefenta, da na MinGW irin su libstdc++-6.dll. In ba kya son wannan jidali, ki gina da SHARED=0, kayan su sauka a lib\gcc_lib, ki ƙara `-static` wajen haɗawa. Fayil ɗin zai yi nauyi amma shi kaɗai ne. Lasisin wxWidgets ya yarda da hakan, ko da manhajar ta sayarwa ce, ba sai kin buɗe lambobinki ba.

Tambaya: Na gina komai lafiya, amma na rubuta "Ƙara kaya" a kan maɓalli, sai ya fito da wasu alamomi kamar rubutun aljanu. A wata kwamfutar ma maɓallin fanko ya fito. Ko sai na sake ginawa? Daga wani mai shagon gyaran waya a Kumasi.

Amsa: A'a ɗan'uwa, kada ka sake gina komai. Tun daga zubi na 3.0 wxWidgets na riƙe rubutu da Unicode, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ duk tana da wurinsu. Matsalar a bakin ƙofa take. A tsarin UTF-8 kowane ɗaya daga haruffan nan masu lanƙwasa bayit biyu ne. Idan ka miƙa mata rubutu tsurarsa tsakanin alamun zance, sai ta fassara shi da tsarin harshen kwamfutar da take kai. A Windows sai ta karanta bayit biyun a matsayin haruffa biyu na Turawa, inda fassarar ta gagara kuma ta dawo maka da fanko. Ka adana fayil ɗinka a UTF-8, sannan ka faɗa mata abin da ka ba ta:

`wxString::FromUTF8("Ƙara kaya")`

Mai amfani da Visual Studio ya ƙara `/utf-8` a saitin kompaila. In bayan haka ka ga ɗan akwati a gurbin harafin, to rubutun ya isa lafiya, salon haruffan da ka zaɓa ne ba shi da ƙ, sai ka sauya wani.

Ka kuma tambaya a ƙarshen saƙonka ko manhajar za ta hau wayar Android. Kada ka sa rai. wxWidgets ta kwamfutar tebur da laptop ce, aikin da aka yi na kai ta Android bai wuce gwaji ba. In wayar ce burinka, ka duba Qt tun da ka riga ka iya C++, ko ka koyi Kotlin.