Tambaya da Amsa: Kotu ta ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu, to ina suka maƙale?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mamba ce a kwamitin ci gaban mazaɓarmu, a wata ƙaramar hukuma ta Jihar Kano. Asibitin da matanmu ke zuwa awo yana yoyo tun daminar bara, ɗakin haihuwa sai an jera bokitai, rijiyar burtsatsen ma ta tsaya. Mun ji a rediyo kotu ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu hannu da hannu. Muka je wurin kansila, ya tura mu wurin ciyaman. Ciyaman ya ce albashi ke cinye kuɗin, ragowar kuma sai an samu amincewa daga sama, wai haka dokar jiha ta ce. Gaskiya yake faɗa, ko raina mana hankali ake yi? Wa za mu riƙe?

Wata uwa, daga Jihar Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya saka muku da alheri kan wannan ɗawainiya da kuke yi ba albashi. Na yi aiki a sashen kuɗi na ƙaramar hukuma har na yi ritaya, don haka na san maganar ciyaman ɗinku akwai gaskiya a ciki, amma bai faɗa muku ita duka ba.

Abin da kuka ji a rediyo haka yake. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya kai gwamnonin jihohi 36. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma ce haramun ne gwamna ya rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi, kuma ƙaramar hukumar da ba zaɓaɓɓu ke riƙe da ita ba kada a ba ta ko sisi. Shi ya sa kika ga jihohi sun yi ta rige-rigen shirya zaɓe a ƙarshen wannan shekarar. A Kano an yi shi ranar 26 ga Oktoba, jam'iyya mai mulkin jihar a lokacin ta lashe kujerun ciyaman 44 gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a mafi yawan jihohi, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da su.

Kuɗin da ake magana a kai ba na wasa ba ne. A rabon arzikin ƙasa, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. A harajin kayan masarufi (VAT) kuma ƙananan hukumomi na da kashi 35. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai, ko da yake tsadar siminti da kwano ta bi shi a guje.

To ina matsalar? Kundin tsarin mulkin 1999 bai sauya ba. Sashe na 162 har yanzu yana ambaton asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, sashe na 7 kuma ya ba majalisar dokokin jiha ikon yin doka kan tsari da kuɗin ƙananan hukumomi. Ta wannan ƙofar jihohi ke shigowa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Anambra. A watan Oktoban 2024 Gwamna Charles Soludo ya sa hannu a wata sabuwar doka da ta wajabta wa ƙananan hukumomin jihar su zuba wani kaso na abin da suka karɓa cikin asusun da jiha ke kula da shi, ya kuma kafa hujja da sashe na 7 ɗin. Masu suka suka ce sauya wa tuwo suna ne kawai, kuma ni ma ra'ayina ke nan. Ita kanta gwamnatin tarayya ta yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin, aka shiga batun buɗe wa ƙananan hukumomi asusu a Babban Bankin Nijeriya, wata bayan wata.

Ko a inda ba a yi sabuwar doka irin ta Anambra ba, akwai tsofaffin dokokin jiha da ke gutsurar kason tun kafin ya iso sakatariya. Albashin malaman firamare daga nan ake cire shi a miƙa wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Sai na ma'aikatan lafiya a matakin farko, sai fansho, sai kason masarautu, sai na horar da ma'aikata, sai abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. A Kano akwai kuma asusun tallafa wa kiwon lafiya da aka kafa a 2017, wanda dokarsa ta ɗora masa kashi 1 na kason ƙananan hukumomi da kashi 5 na harajin cikin gida na jiha. Wasu daga cikin waɗannan cire-ciren na goyi bayansu ɗari bisa ɗari. Wanda ya daɗe yana ci mini rai shi ne ayyukan haɗin gwiwa. A zamanin da nake aiki, takarda ce za ta zo mana da lissafin abin da aka cire, mu sa hannu mu adana a fayil, alhali aikin da aka cire kuɗin dominsa ba a ƙaramar hukumarmu yake ba, kuma ba wanda ya tambayi ko da dagaci ɗaya ra'ayinsa.

Saboda haka idan ciyaman ya ce albashi na cin kaso mai yawa, ban ƙaryata shi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ya tsaya a nan. Nawa ne ya shigo? Nawa aka cire, da wace doka? Nawa ya rage? Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata a intanet. Ki sa wani ɗanki mai waya ya nemo na taku, a buga a takarda. Ranar da kuka koma sakatariya da lambar a hannu, za ki ga zancen ya sauya salo. Ku rubuta buƙatarku, kada ku tsaya a baki, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa irin wannan takarda. Kada kuma ku ƙyale kansila da cewa shi ba shi da iko. Majalisar kansiloli na da hannu a kasafin ƙaramar hukuma, kuma idan rufin asibitinku bai shiga kasafin ba, ba za a samu inda za a rubuta masa bauca, wato takardar fitar da kuɗi, ba ko da kuɗin suna ajiye.

Akwai wata hanya da ta fi kusa da ku, kuma ina mamakin yawan 'yan kwamitin da ba a sanar da su ita ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Tsarin shi ne a zaɓi asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, a riƙa tura masa kuɗi cikin asusunsa duk bayan wata uku, don sayen magani, ƙananan gyare-gyare, ruwa da wuta. Kwamitin ci gaban mazaɓa, wato ku, yana da hannu wajen tsara yadda za a kashe su. Ki tambayi incajin asibitin ko naku yana cikin tsarin. Idan yana ciki, ku nemi ganin takardar banki da tsarin kashe kuɗi na wata ukun da ya wuce. Kuɗin ba za su sake rufi gaba ɗaya ba, amma za su toshe yoyon ɗakin haihuwa su gyara famfo kafin damina ta dawo. Idan ba ya ciki, ku kai kuka a rubuce ga hukumar lafiya matakin farko ta jiha, mai unguwa da limami su sa hannu tare da ku.

TAMBAYA: Ni malamin firamare ne. Abokan aikina na fargabar cewa idan kuɗi suka koma hannun ciyamomi, albashinmu zai fara tsalle wata. Fargabar tana da tushe?

Wani malami, daga Jihar Katsina

AMSA: Tana da shi, Malam. Tsofaffin malamai ba su manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da aka bar albashin firamare a hannun ƙananan hukumomi aka yi ta bin bashin watanni. Kwanan nan ma, a 2025, malaman firamare na Abuja sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki kan sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda ƙananan hukumomin birnin ne ya kamata su biya. Wannan ya sa ƙungiyar malamai ta ƙasa ta daɗe tana neman a cire albashinku tun daga tushe, kafin kuɗi su shiga hannun kowa. Ina tare da ita a kan haka. Idan majalisar dokokin jiharku ta kira jin ra'ayin jama'a kan dokar ƙananan hukumomi, ku je da reshen ƙungiyarku, ku nemi a rubuta a cikin dokar cewa albashin malamai da na ma'aikatan lafiya ne za a fara biya, a kuma wajabta liƙa lissafin abin da aka cire duk wata a allon sanarwa na sakatariya.