Na Holmes zan saya ko na Christie?

Tambaya: Ina son labaran binciken kisan kai na marubutan Ingila, musamman masu ramuwar gayya a ciki, amma kuɗin littafi ɗaya ne a hannuna. Na ga wani ƙaton kundi da ya tattara labaran Sherlock Holmes kaf, na kuma ga na Agatha Christie. Wanne zan ɗauka? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, ajiye kundin Holmes ɗin nan tukuna. Dogayen labarai 4 da gajeru 56 ne aka cusa a bango ɗaya, shi ya sa rubutun yake zama kamar ƙafar kiyashi. Kuma marubucin labaran Holmes, Arthur Conan Doyle, ya rasu tun 1930, akasarin labaransa suna nan kyauta a shafin Project Gutenberg. Me zai sa ki biya kuɗin abin da wayarki za ta sauke miki?

Tunda ramuwa kike nema, sauke A Study in Scarlet na 1887, inda Holmes ya fara bayyana. An tsinci gawa a wani gida da ba kowa a Landan, ga kalmar RACHE da jini a bango. Ɗan sanda ya ɗauka sunan wata Rachel aka fara rubutawa, Holmes ya ce masa ai Jamusanci ne, ma'anarta ramuwa. Sai dai ki sani, a tsakiyar littafin za a bar Landan a lula da ke jihar Utah ta Amurka. Ba shafuka ne suka cakuɗe ba, can ne tushen gabar yake. Ni kaina sashen yana gundurata, amma ki daure.

Kuɗinki kuwa, ba wa Christie. Ita a 1976 ta rasu, yawancin littattafanta sai an saya. Nemi Murder on the Orient Express na 1934: dusar ƙanƙara ta tsayar da jirgin ƙasa a Yugoslabiya, aka wayi gari an daɓa wa wani fasinja wuƙa sau 12, Poirot, gwanin binciken laifi a labaran Christie, kuma yana cikin jirgin. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, kada kuma ki leƙa intanet kafin ki gama.

Tambaya: Na sayi littattafan Christie biyu na hannu masu suna daban, ashe labari ɗaya ne. An cuce ni? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Malam, da wuya a ce da gangan ne. A da, masu ɗab'i na Amurka kan sauya suna. Littafin jirgin ƙasan nan can ya fito da sunan Murder in the Calais Coach, haka Ten Little Indians shi ne And Then There Were None na 1939. Nan gaba karanta sakin layin farko na kowanne kafin ka biya. In kuma ka ga siririn littafi an rubuta "retold" ko "abridged" a jikinsa, taƙaitacce ne na masu koyon Turanci. Zai yi wa ɗalibanka amfani, amma kai ka nemi cikakken.