Sigar gwaji ta hana manhaja haɗuwa: daga ina rikicin yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba ni wani aikin Next.js 15 da aka fara a ƙarshen 2024, yana kan React 19 na gwaji. Da na zo saka wani laburare, sai npm, manhajar da ke saka laburaren JavaScript, ya tsaya, ya rubuto kuskuren ERESOLVE. Na duba, laburaren ya ce yana karɓar React `>=18`, wato 18 zuwa sama. To ba 19 ta fi 18 ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. A lissafi ta fi, amma a ƙa'idar npm abin da ke hannunka bai kai 19 ba tukuna. A tsarin lambar siga na SemVer, duk sigar da aka liƙa wa alamar gwaji, wato alpha, beta ko rc, tana ƙasa da tsayayyar siga mai lambarta: `19.0.0-rc.1` ba ta kai `19.0.0` ba. Sannan npm ya ƙara tasa doka: ba ya lissafa sigar gwaji a cikin iyakar da laburare ya gindaya, sai idan a cikin iyakar an ambaci sigar gwaji mai lambobi uku iri ɗaya da ita. Shi ya sa `>=18` za ta karɓi 19.0.0 hannu bibbiyu, ta ƙi `19.0.0-rc.1`. Da gangan aka yi haka, don kada wanda bai nema ba ya wayi gari da kayan gwaji a aikinsa. Kafin npm 7, wanda ya fito a 2020, gargaɗi kawai ake yi kan irin wannan saɓani. Daga shi ne aka fara tsayar da aikin ɗungurungum.

Kafin ka taɓa komai, ka gano mai neman me. `npm ls react` zai nuna maka kowace sigar React da ke cikin aikin da laburaren da ya jawo ta, `npm explain react` kuma ya faɗi dalili. Saƙon ERESOLVE ɗin ma yana ɗauke da amsar, mutane ne ba sa karantawa: layin da ya fara da `Found` shi ne abin da kake da shi, wanda ke ƙarƙashin `Could not resolve dependency` shi ne abin da ake nema.

Gyara mafi tsafta a wurinka shi ne ka bar sigar gwajin gaba ɗaya. Tsayayyar React 19 ta fito tun 5 ga Disamba 2024, kuma Next.js 15.1 na tafiya da ita. Ka ɗaga next, react da react-dom a umarni guda; in ka ɗaga React kaɗai, tsohon Next ɗin ne zai tayar da sabon rikici.

Idan akwai dalilin da ya tilasta maka zama kan ta gwajin, ka sa wannan a `package.json`:

`"overrides": { "react": "$react", "react-dom": "$react-dom" }`

Ma'anarsa, kowane laburare ya yi amfani da sigar da ka zaɓa da kanka. Yana aiki daga npm 8.3 zuwa sama. A Yarn sunansa `resolutions`. Sai ka cire alamar `^`, wadda ke ba npm damar ɗauko siga mafi girma, daga gaban lambar React ɗin, ka bar ta tsaf yadda take. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin sigogin gwajin React 19 sunayensu irin `19.0.0-rc-66855b96-20241106` ne, kuma SemVer na jera irin wannan wutsiya harafi bayan harafi, ba ruwansa da kwanan watan da ke ƙarshe. Saboda haka wadda npm zai ɗauka a matsayin babba tana iya zama wadda ta riga taka fitowa da watanni. Kuma react da react-dom dole lambarsu ta zo ɗaya sak, in ba haka ba React 19 zai ƙi tashi.

Na san za a ce maka ka sa `--legacy-peer-deps` ko `--force` ka huta. Za su wuce da kai, amma rufe ido ne kawai: sun daina duba saɓanin ga dukkan laburaren aikin, har da waɗanda da gaske ba sa jituwa da React 19. Kuskuren da aka hana fitowa lokacin sakawa sai ya jira ka a burauza. Ranar da abokin aikinka ko sabar da ke haɗa manhajar ta gudu ba tare da wannan ƙarin ba, a koma gidan jiya. Goge `node_modules` kuwa ba ya warware saɓanin siga, data kawai zai ci maka.

Tambaya: Ni Python nake yi. Na saka beta ta wani laburare da `pip install --pre`, yanzu wasu da ban taɓa ba sun daina aiki, ana cewa an haɗa su da laburaren lissafi na NumPy 1.x.

Amsa: `--pre` ɗin ce ta yi ɓarnar. Ba laburaren da ka rubuta sunansa kaɗai take shafa ba, tana buɗe ƙofar gwaji ga duk abin da zai biyo shi a wannan umarnin. In abu ɗaya kake so, ka rubuta sigarsa kai tsaye, kamar `pip install "sunansa==2.0.0b1"`, ba tare da `--pre` ba. Da pip ya ga b1 ko rc1 a jikin lambar zai kawo ta, sauran kuma ya bar su kan tsayayyun sigogi.

Saƙon da kake gani na nufin an ɗaga maka NumPy zuwa 2. Sigar 2.0, wadda ta fito a Yunin 2024, ta canza yadda laburaren da aka rubuta da C ke haɗuwa da ita, don haka abin da aka gina kan 1.x ba ya gudu a kanta sai masu shi sun sake gina shi. Hanya biyu ce: ka sabunta waɗanda suka karye, ko ka rubuta `numpy<2` a fayil mai suna `constraints.txt` ka riƙa sakawa da `-c constraints.txt`. Idan betar kanta NumPy 2 take buƙata, pip zai ce ResolutionImpossible, kuma gaskiya ya faɗa: ba za su zauna wuri ɗaya ba. Ka buɗa wa betar nata muhallin da `python -m venv gwaji`. Nan gaba ka fara da `--dry-run`, akwai shi tun pip 22.2, ka ga abin da zai canza kafin ya canza, bayan sakawa kuma ka bi da `pip check`.

Tambaya: A Android Studio na rubuta tsayayyar sigar `androidx.core`, amma Gradle, mai haɗa manhajar, na cewa in ɗaga compileSdk, wato sigar Android da ake gina manhajar a kanta, saboda wata siga da ban san da ita ba.

Amsa: Gradle ba ya tsayawa ya tambaye ka kamar npm. In laburare biyu suka nemi abu ɗaya da lamba daban, babbar yake ɗauka shiru. Wani laburaren alpha da ka saka ne ya jawo sabuwa ta danne taka. Ka gudu da `./gradlew :app:dependencyInsight --dependency androidx.core --configuration debugRuntimeClasspath`, zai fito maka da mai laifin. Misali `androidx.core` 1.15.0 sai da compileSdk 35.

Ɗaga compileSdk shi ne mafi sauƙi, kuma ba ya taɓa minSdk, wato tsofaffin wayoyi za su ci gaba da ɗaukar manhajar. Wani lokaci dai sai ka sabunta filogin Gradle na Android tare da shi. Akwai `strictly` na ɗaure tsohuwar sigar, amma ban ba da shawararsa a nan ba: alphar na iya kiran abin da babu a tsohuwar, manhajar ta faɗi a wayar mai amfani da NoSuchMethodError. In ba za ka ɗaga ba, alphar za ka mayar baya.